Yadda ake kwatanta feftayid guda biyu a laab: melitin da magenin 2

Toh jama'a, feftayid gajeriyar sarƙar amino asid ce, wato ƙaramin furotin. Wannan na 'yan furojet ne, musamman 'yan maikurobayoloji da bayokemistiri waɗanda safabaiza ya damƙa musu feftayid guda biyu yace ku kwatanta min su ku gaya min wanne yafi. Abin da aka saba yi kowa ya sani: a auna miligiram ɗaya na wannan, miligiram ɗaya na wancan, a huda rami a kan aga (daskararren abincin da ake shuka bakteriya a kai), a ɗiga, washegari a zo da rula a auna faɗin wurin da bakteriya bata tsiro ba, wanda nasa yafi faɗi shikenan shi ne gwani. Da tsantsan ganyen zogale ko darbejiya ana wucewa da hakan, amma feftayid in kayi masa haka lambobin da zaka samu babu abin da suke gaya maka, gashi kuma kaya ne da ake saye da dala a jira shi makonni, ba'a wasa da shi. Zan ɗauki guda biyu da aka fi sani wajen kashe bakteriya, melitin da magenin 2, mu bi aikin daga takarda har zuwa rubuta sakamako. Hanyar zata yi maka aiki da kowanne biyu masu irin wannan halin.

Fara da sanin su a takarda

Kafin ka taɓa fifet, rubuta jerin amino asid ɗin kowanne, kowane harafi amino asid ɗaya ne, ka zuba musu ido. Melitin daga dafin ƙudan zuma yake, shi ne kusan rabin dafin in an busar da shi, amino asid 26, nauyinsa wajen 2846.5:

GIGAVLKVLTTGLPALISWIKRKRQQ, da amayid a ƙarshensa.

Magenin 2 kuma daga fatar wani kwaɗon Afirka ne mai suna Xenopus laevis, amino asid 23, nauyinsa wajen 2466.9:

GIGKFLHSAKKFGKAFVGEIMNS

Michael Zasloff ne ya fito da shi a 1987 a Amurka, bayan ya lura cewa kwaɗin da ake yankawa a ciro musu ƙwai ana mayar da su cikin ruwan tanki mai cike da ƙwayoyin cuta amma ciwon nasu na warkewa baya ruɓa.

Me kake nema a jerin? Abu uku. Na farko caji: ƙirga K da R, su ne masu caji fozitif, ka cire E da D masu negatif. Melitin yana da K uku, R biyu, ga kan sarƙar shi ma da fozitif ɗaya, ƙarshensa kuma a rufe da amayid, ya tashi +6. Magenin yana da K huɗu, E ɗaya, ƙarshensa a buɗe, yana wajen +3, yana iya kusantar +4 in ruwan ya ɗan yi tsami saboda H ɗin da ke wuri na 7. Na biyu ka duba W ko Y, melitin nada W ɗaya a wuri na 19, magenin bashi da ko ɗaya, ka riƙe wannan zai dawo mana anjima. Na uku masu saurin lalacewa: M ɗin magenin a wuri na 21 iska na kama shi, W ɗin melitin kuma baya son haske.

Siyowa da karanta takardar kamfani

Dukansu ka sayi na haɗawa a laab, kuma in da hali kamfani ɗaya, tsafta kashi 95 ko sama a HPLC, na'urar da ake auna tsaftar da ita. Melitin ɗin da aka tace daga dafin zuma na gaske sau da yawa yana zuwa da ɓurɓushin wani enzayim, fosfolifes A2, shi ma fasa fatar ƙwayar halitta yake yi, kaga in ka yi gwajin jinin da zamu zo kansa da shi baka san wa ya yi ɓarnar ba.

Takardar da ke zuwa da kwalbar kada ka jefar da ita cikin kwali. Duba nauyin da suka samu a na'urar mas ya dace da na lissafi. In sun baka lambobi irin 712.6 ga melitin ko 823.3 ga magenin kada ka ce an turo maka wani abu daban, nauyin ne aka raba da yawan cajin da ya ɗauka aka ƙara ɗaya, huɗu a na farko, uku a na biyu. In kaga ƙarin 16 a kan magenin, M ɗin nan ne ya riga ya sha iska.

Sai kuma wurin da mutane suka fi faɗawa. Tsafta kashi 95 ba tana nufin kashi 95 na garin da ke kwalbar feftayid bane. Tana nufin a cikin feftayid ɗin da ke ciki kashi 95 shi ne wanda ka nema. Garin kansa akwai gishirin TFA (wani asid da ake amfani da shi wajen haɗawa da tacewa) da ruwa a jikinsa, kuma duk K ko R ɗaya yana jan nasa TFA ɗin, shi yasa ainihin feftayid ɗin yakan zama kashi 70 zuwa 85 na nauyin garin. Wannan lambar daban ake rubuta ta, in babu ka tura musu imel ka tambaya. Melitin da yafi caji shi yafi ɗaukar gishirin, don haka tun daga nan ma'aunin ya karkace in baka gyara ba.

Ajiya da narkarwa

Garin a busasshe ka aje shi a firiza mai -20 °C, cikin roba mai murfi da jakar silika. Ran da zaka buɗe ka fito da kwalbar ka barta a kan benci kamar rabin awa ta huce kafin ka cire murfin, in ka buɗe da sanyinta danshin iska zai sauka a kan garin, lokacin damina ma abin yafi muni. Ka ɗan juya ta a santirifuj tukun saboda garin yakan manne a murfi, wani lokacin ma da kyar zaka gan shi, kamar an shafa farin abu a gindin kwalbar. Kuma kada ka yi ƙoƙarin auna miligiram ɗaya a sikelin laab, iskar fanka ma ta isa ta kwashe shi, narkar da duk abin da ke kwalbar gaba ɗaya yafi.

Yanzu lissafi. Kwatancen nan da adadin ƙwayoyi ake yinsa, wato mola, saboda kilo ɗaya na wake da kilo ɗaya na gero nauyi ɗaya ne amma ƙwayoyin ba ɗaya ba. Miligiram ɗaya na zallan melitin 0.351 µmol ne, na magenin 0.405 µmol, bambancin kusan kashi 15 kenan tun ba'a fara komai ba. Mu ce kowace kwalba miligiram ɗaya ce, takarda kuma ta ce ainihin feftayid a melitin ɗinka kashi 75 ne, magenin kashi 80, misali nake bayarwa kai ka sa naka:

melitin: 0.75 ÷ 2846.5 = 0.263 µmol, ka zuba ruwa 263 µL ka samu 1 mM
magenin: 0.80 ÷ 2466.9 = 0.324 µmol, ka zuba 324 µL ka samu 1 mM

Ruwan da zaka narkar da su tsaftataccen ruwan laab ne da aka kashe ƙwayoyin cikinsa, ko mai ɗigon asetik asid kashi 0.01, dukansu biyun suna narkewa ba gardama. Kada ka fara da PBS, wato ruwan gishirin laab mai fosfet, melitin in ya yi kauri cikin gishiri haɗuwa yake hurhuɗu.

Daga nan ka tabbatar da abin da ka haɗa. Melitin da sauƙi: ɗebi kaɗan ka sirka sau 10, ka karanta a 280 nm, W ɗaya yana bada 5500, don haka 100 µM ya kamata ya nuna wajen 0.55 a kubet mai santimita ɗaya, kubet ɗin kwaz fa, na roba baya barin wannan hasken ya wuce. Magenin kuwa in ka sa shi a 280 kusan sifili zaka gani, ba wai babu komai a ciki ba, W da Y ne babu. Shi sai dai a 205 ko 214 nm, ko ka dogara da lambar kamfanin, kuma ka faɗi hakan a rubutunka. Gwajin Bradford da ake yiwa furotin ba abin dogaro bane ga ƙananan nan.

Rarraba shi cikin ƙananan tub na folifurofilin, kowanne daidai aikin rana ɗaya, ka rubuta suna da kwanan wata, na melitin ka naɗe da takardar aluminiyam. Daskarewa da narkewa akai-akai na kashe su, kuma da yanayin wutar da muke ciki firizar da ba'a haɗa ta da janareta ko sola ba ita da kanta zata riƙa narkar maka da su tana daskararwa kai baka sani ba. Ka nemi wadda ake ajiye abubuwan masu PhD ko da sai ka yi roƙo.

Ka yi lissafin yawan da zaka buƙata tun kafin oda. Gwaji ɗaya da bakteriya iri biyu, layi uku-uku, yana cin wajen 90 µL na 1 mM ɗin nan, kaga miligiram ɗaya sau uku kawai zai kai ka, gwajin jini bai samu komai ba.

Gwaji na farko: waye ke hana bakteriya tsiro

Ka manta da ramin aga. Aga nada caji negatif, feftayid ɗin nan fozitif ne, manne masa suke basa yaɗuwa, kuma wanda yafi caji shi yafi maƙalewa, sai ka samu mai ƙarfin ya baka ƙaramar da'ira. Hanyar da ake bi ita ce sirkawa cikin ruwan Mueller-Hinton (abincin bakteriya) a faranti mai ramuka 96 don samun MIC, wato mafi ƙanƙantar adadin da ya hana tsiro, da gyaran da laab ɗin Robert Hancock a Kanada suka yi mata saboda irin waɗannan feftayid ɗin.

Gyaran biyu ne. Farantin ya zama na folifurofilin, don na folistirin da aka saba gani yana tsotse feftayid ɗin a bangonsa. Sannan ruwan sirkawa ya zama asetik asid kashi 0.01 da BSA (furotin ɗin jinin shanu) kashi 0.2, BSA ɗin ne ke hana shi mannewa a tub da bakin fifet.

Bakteriya ka ɗauki sanannu guda biyu, E. coli ATCC 25922 da S. aureus ATCC 29213, ɗaya giram negatif ɗaya giram fozitif. Waɗanda aka samo daga majinyata a asibiti zaka iya ƙarawa daga baya, amma in da su kaɗai ka yi ba wanda zai iya gwada sakamakonka da nasa.

Ɗebi 'yan ƙwayoyi daga farantin jiya ka dama a ruwan gishiri har gurɓinsa ya kai 0.5 a ma'aunin McFarland, wato wajen ƙwayoyi 1.5 × 10^8 a mililita, ka sirka sau 300 cikin Mueller-Hinton ya dawo 5 × 10^5, kuma ka yi amfani da shi cikin minti 15 zuwa 30 kafin su hayayyafa. A gefe ka shirya feftayid ɗin a tub goma, na farko 640 µM, kana rabawa biyu-biyu har 1.25 µM. Kowane rami ka zuba 100 µL na bakteriya da 11 µL na feftayid, zai sirku sau goma, ka samu daga 64 µM a rami na 1 har 0.125 µM a rami na 10. Rami na 11 bakteriya da ruwan sirkawa zalla, dole ya tsiro. Rami na 12 Mueller-Hinton kaɗai, dole ya fito tas. Ka ƙara layi ɗaya na maganin jentamisin, a kan E. coli ɗin nan MIC ɗinsa ya kamata ya faɗo tsakanin 0.25 da 1 µg/mL, in ya fita daga nan ranar gaba ɗaya ba'a ƙirga ta.

Abu mafi muhimmanci, feftayid biyun su hau faranti ɗaya, rana ɗaya, da damun bakteriya ɗaya. Wanda ya yi melitin ran Litinin ya yi magenin ran Alhamis ranakun ya kwatanta.

Rufe, sa a inkubeta 35 zuwa 37 °C na awa 16 zuwa 20. In an ɗauke wuta cikin dare ta huce, ka sake, kada ka ce ai ba komai. Da safe ka ɗaga farantin ka leƙa ta ƙasa a gaban baƙar takarda, ramin da ya tsiro zaka ga ya yi gurɓi ko wani ɗan farin maɓalli ya kwanta a gindinsa, mai mafi ƙarancin feftayid cikin waɗanda suka fito garau shi ne MIC. In kana son sanin kashewa ya yi ko tsayarwa kawai, ɗebi 10 µL daga ramukan da suka fito garau ka shafa a aga, mafi ƙanƙantar adadin da ya kashe kashi 99.9 shi ne MBC.

Abin da zaka gani galibi, melitin zai tsayar da dukansu a 'yan mikromola kaɗan, magenin zai buƙaci fiye da haka sosai, a kan S. aureus ma yana iya wuce 64 ɗin. In haka ta faru rubuta >64 kawai, sakamako ne.

Gwaji na biyu, wanda ake tsallakewa

In ka tsaya a nan zaka rubuta cewa melitin yafi, ƙarshen magana. Amma ai bilic ma yana kashe bakteriya. Tambayar ita ce me yake yiwa ƙwayoyin jikin mutum a daidai adadin da yake kashe bakteriyar, kuma hanya mafi arha ta ganin haka ita ce jajayen ƙwayoyin jini.

Sai da izinin kwamitin ɗa'a na makarantarku, kuma ma'aikacin lafiya ne zai ɗebi jinin, ko ka yi da na tunkiya in shi aka amince maka, amma ka rubuta wanne ne don juriyarsu ba ɗaya ba. A wajenmu akwai abin lura: ka nemi mai jinotayif AA, saboda masu AS suna da yawa, ga ƙarancin enzayim ɗin G6PD shi ma ba baƙo bane, ƙwayoyin jinin nan juriyarsu ta bambanta kuma kai feftayid kake aunawa. Jinin mutum ɗaya zaka yiwa feftayid biyun. Cikin masu hana jini daskarewa, kwalbar EDTA ko sitiret ta fi, hefarin cajinsa negatif ne yana kama melitin ya rage masa kaifi.

Juya jinin a santirifuj wajen 1000 × g na minti 5, zubar da ruwan sama da ɗan farin layin nan, wanke da PBS sau uku ko har ruwan ya daina ja. Haɗa kashi 2 na ƙwayoyin cikin PBS, ka gauraya rabi da rabi da feftayid ɗin da ka sirka a PBS, ya zama kashi 1. Magenin ka kai shi sama, 128 µM in kayanka sun isa, melitin kuma ka sauko da shi ƙasa da 1 µM don a can labarin yake. Kwantirol biyu: PBS zalla shi ne sifili, Triton X-100 kashi 1, sabulun laab mai fasa ƙwayoyin duka, shi ne ɗari. Awa ɗaya a 37 °C, ka juya, ka ɗebi ruwan sama a hankali ba tare da ka taɓa abin da ya kwanta ba, ka karanta a 540 nm.

Tun kafin na'ura idonka zai gaya maka. Ramukan melitin na sama zasu zama ja garau kamar na Triton, babu abin da ya kwanta, na magenin kuwa ruwan sama fari, ƙwayoyin sun taru a ƙasa abinsu. Lissafin: karatun samfur a cire na PBS, a raba da na Triton da aka cire masa na PBS, a ninka da 100. Zana jadawali ka nemo HC50, adadin da ya fasa rabi.

Dalilin wannan bambancin a fata yake. Fatar bakteriya cajinta negatif ne daga waje, ita ke jawo feftayid mai fozitif. Ta jajayen ƙwayoyinmu kuwa wajenta kusan babu caji, ga kolestarol da ke ƙara mata tauri. Magenin sai da jan cajin nan yake samun shiga, shi yasa yake wuce namu. Melitin kuwa amino asid 20 ɗinsa na farko mafi yawansu masu gudun ruwa ne, cajin ya tattaru a wutsiya wurin KRKR, don haka duk fatar da ya samu nutsewa yake, bai damu da ta waye ba. Wannan shi ne naman babin tattaunawarka.

Haɗa su wuri ɗaya

Raba HC50 da MIC, abin da ya fito shi ne ma'aunin zaɓe. Misali da lambobin da na ƙirƙira don a gane: in wani MIC ɗinsa 2 ne HC50 ɗinsa 2, ya samu 1, ma'ana inda yake kashe bakteriya nan yake fasa jini. Wani MIC 32, HC50 sama da 128, ya samu sama da 4. Na farko yafi ƙarfi sau 16, na biyu yafi iya bambancewa, kuma haka zaka rubuta, kowanne da inda yafi. Shi yasa ma a laab da yawa melitin ake sawa a matsayin kwantirol na fasa fata, magenin kuma aka bi shi ana gyarawa don neman magani. Ko shi ɗin kada ka zuzuta, maganin fegziganan da aka ƙera daga jikinsa don gyambon ƙafar masu ciwon suga hukumar FDA ta Amurka ta ƙi amincewa da shi a 1999. Abin da ke kwalbarka na bincike ne kawai, ba na shafawa ko allura ba, safar hannu dole, wanda kuma harbin zuma ke kumbura masa jiki ya bar wani ya buɗe garin melitin.

Maimaita komai sau uku a ranaku daban da sabon damun bakteriya, layi uku a faranti ɗaya maimaici ɗaya ne. MIC ba'a ɗaukar masa matsakaici, in ka samu 2, 4, 2 ka rubuta 2 ko 2 zuwa 4, kada ka rubuta 2.67 don babu ramin da ke da wannan lambar. Kuma bambancin rami ɗaya, kamar 4 da 8, yana cikin kuskuren hanyar kanta, sai ya kai rami biyu ko fiye kake iya cewa wannan yafi wancan.

A babin hanyoyi ka sa lambar rukunin kayan (lot) da ke jikin kwalba, tsafta, kason ainihin feftayid, irin gishirin, irin farantin, ko Mueller-Hinton ɗinka an ƙara masa kalsiyam da magniziyam don suna gasa da feftayid wajen kama fatar bakteriya suna ɗaga MIC, jinin waye da kashi nawa, sannan ka bada sakamakon a µM ka sa µg/mL a gefensa saboda wasu takardun da shi suke rubutawa. Canjin ba wuya: µM sau nauyi a raba da 1000, wato 4 µM na melitin wajen 11.4 µg/mL ne, na magenin wajen 9.9.